Hanya da Zaman Bakin Hanya a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Talata Mafara, Bakura da Maradun garuruwa uku ne na yammacin Jihar Zamfara waɗanda Gulbin Sakkwato ya haɗa tun kafin a san mota. Maradun tana gabas, Bakura tana arewa maso yamma, Mafara kuwa tana tsakani, a kan babbar hanyar da ta taso daga Zariya ta bi Funtuwa da Gusau ta nufi Sakkwato. Ita kaɗai ce cikin ukun hanyar ta ratsa. Mai zuwa Bakura sai ya sauka daga kan babban titi a Lambar Bakura, mai zuwa Maradun shi ma sai ya ratse ya bi reshe. Wannan bambanci ya yi tasiri ga girman kowane gari, da inda mutanensa suka gina gidaje, da irin hatsarin da mai tafiya a ƙasa yake fuskanta a cikinsa.

Zamanin ayari, kafin 1804

Labarin baka ya ce sarakunan Zamfara na farko sun zauna a Dutsi, kuma ana ba da labarin wata sarauniya mai suna 'Yargoje da aka ce ta yi mulki shekaru masu yawa. Waɗannan zantuka ne na kaka da kakanni, ba a rubuta su a lokacin da suka faru ba. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne Gobirawa, a ƙarƙashin Sarki Babari, sun ci Birnin Zamfara a wajajen shekarun 1760, suka kafa Alkalawa. Daular Zamfara ta tarwatse, jama'a suka yi ta gangarowa kudu, kowane gari mai ƙarfi ya ja ganuwarsa ya tsaya da ƙafarsa.

Hanya a wancan zamani turba ce da sawun mutum da kofaton jaki suka fitar. Fatake suna tafiya cikin ayari, madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, ana yada zango idan rana ta yi. Da damina kuwa, idan gulbi ya kawo, sai a jira masu fito. Tsarin gari ya bi wannan yanayi: mazauna suna cikin ganuwa, lunguna ƙanana ne daidai wucewar jaki da mangala, baƙi da dabbobinsu suna sauka a zango, ana rufe ƙofa idan dare ya yi. Kasuwa tana ci mako-mako, ta Mafara ranar Talata, kuma har yau haka take. Mai tafiya a ƙasa ba ya tsoron abin hawa, domin babu abin da ya fi doki gudu, dokin ma ba kowa ke da shi ba. Tsoronsa mahara ne da 'yan kamun bayi da namun daji.

Daular Sakkwato, 1804 zuwa 1903

Tun kafin jihadi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma Faru, wadda yanzu take cikin Ƙaramar Hukumar Maradun, tana cikin wuraren da ya zauna. A 1805 jama'arsa ta yi sansani a Sabon Gari na Zamfara kafin ta wuce Gwandu. An ci Alkalawa a 1808, aka gina Sakkwato a 1809.

Kafuwar Sakkwato ta juya alƙiblar hanyoyi. Duk manzo, ko mai kai gaisuwa, ko rundunar da ta taso daga Kano, Katsina, Zazzau ko Bauci, dole ta ratsa Zamfara kafin ta isa fadar Sarkin Musulmi. Hanyar arewa, wadda ta bi ta Zurmi ta shiga dajin Gundumi, ta yi ƙaurin suna. Turawa matafiya irin su Clapperton a 1824 da Barth a 1853 sun bi ta, sun kuma rubuta yadda ake kwana ana tafiya, ba ruwa, ana gudun harin Gobirawa. Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya kawo shi ne ribaɗi: a kafa gari mai ganuwa a kan iyaka ko a kan hanya, a zaunar da jama'a su yi noma da sana'a, su kuma zama masu tsaro. Ana iya cewa wannan ne karo na farko da hukuma ta zauna ta tsara inda mutane za su gina gidaje saboda hanya. Tarihin da gidajen sarautar yankin suke riƙe da shi, na Sarkin Burmin Bakura da na Sarkin Kayan Maradun, yana danganta ƙarfinsu da wannan ƙarni.

Zaman bai kasance lami lafiya kullum ba. A 1891, shekarar da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu ya rasu Abdurrahman ya hau, Mafara ta yi tawaye aka kai mata yaƙi. Garin da yake zaune a tsakiyar hanyar gabas ba wanda Sakkwato za ta zuba wa ido ba ne.

Jirgin da ya tsaya a Kaura, 1903 zuwa 1960

Sojojin Ingila sun taso daga Kano, aka gwabza a Kwatarkwashi, suka ratsa Zamfara suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Cikin abubuwan farko da sabuwar gwamnati ta ɗora wa hakimai da dagatai har da share hanya. Kowane gari yana fitar da mutane su yi sassabe, su cike kwari, su gina bariki inda jami'in rangadi zai sauka, kuma galibin aikin na tilas ne. A 1907 aka soke kuɗin fiton da ake karɓa a hannun ayari.

Babban canji ya zo da jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ta Funtuwa da Gusau, ya kai Kaura Namoda a 1929. A nan ya tsaya, bai ƙarasa Sakkwato ba har yau. Manufar dogon a bayyane take: kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku. Gusau, wadda ba ta kai wasu tsofaffin garuruwan Zamfara daɗewa ba, ta samu tashar jirgi da injin gurzar auduga da kantunan kamfanoni, ta tsere wa sauran.

Ga Mafara da maƙwabtanta, tsayawar dogon a Kaura na nufin duk kayan da za su fita ko su shiga birnin Sakkwato da yammacin lardin sai sun hau mota zuwa Gusau. Mafara ta faɗo kusan tsakiyar wannan tafiya, inda direba yake tsayawa ya zuba wa injin ruwa, fasinja su yi salla su ci abinci. Hanyar ta jan burji ce, da rani ƙura, da damina a rufe ta bayan ruwan sama har ta sha iska. Amma ko a haka ta fara jan gari zuwa gare ta. Mai tuwo ta kafa rumfa, maƙeri ya koyi gyaran ƙarfen mota, 'yan kamasho suka samu abin yi, baƙi 'yan kudu da suka biyo ciniki suka kama wuri kusa da tasha. Ganuwa ta rasa amfani, aka bar ta tana zaizayewa, wasu ma suna ɗibar ƙasarta suna gini. Bakura da Maradun, da yake hanya ta kauce musu, sun daɗe a kan tsohon tsarinsu, jaki da raƙumi suna kai musu amfanin gona bakin titi.

Kwalta, man fetur da Bakolori, 1960 zuwa 1983

Kwaltar farko a manyan hanyoyin Arewa siririya ce, ta mota ɗaya, idan biyu suka haɗu kowa ya sauke ƙafa ɗaya a kan burji. Gefen nan da mota take sauka kuwa shi ne hanyar mai tafiya a ƙasa da mai keke da mai kora jaki. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama, ya zama dole mutanen karkara su sake koyon ɓangaren da za su fara dubawa kafin su tsallaka. Sai kuɗin man fetur suka shigo, ƙarin albashin Udoji na 1974 zuwa 1975 ya sa ƙananan ma'aikata da malaman makaranta suka sayi babura, manyansu suka sayi motoci. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya mai da Talata Mafara hedkwata, da sakatariya da gidajen ma'aikata.

Dokoki biyu na wannan zamani sun shafi zaman bakin titi kai tsaye. Dokar manyan hanyoyin tarayya ta 1971 ta sa irin wannan hanya a hannun gwamnatin tarayya, kuma ƙa'idar da ake aiki da ita ta ware mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane ɓangare a matsayin filin hanya da ba a yarda a yi gini a ciki ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa filayen birane ga gwamna, na karkara ga ƙaramar hukuma. A aikace, mai gonar da ke bakin titi ya ci gaba da yanka ta fegi-fegi yana sayarwa da shaidar mai unguwa, kuma fegin da ya fi kusa da kwalta shi ya fi tsada. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Gidan da ya kalli titi yana fitar da shaguna biyu ko uku a gabansa, kuɗin hayarsu ya riƙe gidan. Layin lantarki ma hanya yake bi.

Babu abin da ya girgiza yankin kamar madatsar ruwa ta Bakolori. An gina ta a kan Gulbin Sakkwato kusa da Maradun daga tsakiyar shekarun 1970, aka kammala bangon a 1978. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin yana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, ya kuma mamaye fili wajen hekta 8,000, an kuma tsara shayar da gonaki fiye da hekta 20,000 a tsakanin Mafara da Bakura. Dubban leburori da direbobi da makanikai suka kwararo, kuɗin hayar ɗaki ya tashi, aka gina rukunin gidajen ma'aikata, aka fitar da hanyoyi a gefen manyan magudanan ruwa domin motocin aiki. Manoma sun gaji waɗannan hanyoyi, har yau ta kansu ake fito da shinkafa da albasa da tumatir.

Amma tafkin ya cinye ƙauyuka da fadamu. An kwashe dubban mutane aka tsugunar da su a sabbin matsugunai a kan tudu, nesa da ƙasar da suka saba nomawa, waɗanda ke cikin filin ban-ruwa kuma aka hana su shuka ana gyaran ƙasa, diyya tana tafiyar hawainiya. Da tura ta kai bango, makamin da manoman suka ɗauka hanya ce: suka datse hanyoyin shiga wurin aiki, suka hana motocin kamfani motsi. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ashirin da 'yan kai ne, wasu masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa ne. An zana sabbin matsugunan nan a takarda, layi-layi, ba tare da lissafin nisan da mutum zai taka zuwa gona ko rijiya ko kasuwa ba, shi ya sa da yawa suka watse suka nemi wani wurin.

Kabu-kabu da sabuwar jiha, 1986 zuwa 1999

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira. Sabuwar mota ta gagari mai matsakaicin ƙarfi, kayan gyara suka yi tsada, motocin haya suka tsufa a kan hanya. A 1988 gwamnatin Janar Babangida ta ɓullo da shirin motocin sufurin jama'a, amma manyan birane ya fi amfana. A wannan shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko. Giɓin da ya rage babur ne ya cike shi. Kabu-kabu, wanda a Kano ake kira acaɓa, ya zama abin hawan da ke haɗa ƙauye da bakin titi, ya kuma zama sana'ar matashin da ya gama makaranta bai samu aiki ba. Lamba ta koma ƙaramin gari: inda reshe ya haɗu da babbar hanya sai ka ga 'yan kabu-kabu a gindin bishiya, mai shayi, mai faci, 'yan bumburutu da galan-galan na fetur, daga baya masallaci da gidaje.

Ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato. Ma'aikacin Mafara ko Bakura da a da yake kai takardunsa yamma, yanzu gabas yake nufa, ta Maru da Bunguɗu zuwa Gusau. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara ta jawo ɗalibai daga nesa, masu fili suka shiga gina ɗakunan haya.

Gwamnoni uku daga garuruwa uku, 1999 zuwa 2023

Abin lura ne cewa kowane ɗaya daga cikin garuruwan nan ya fitar da gwamna. Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shari'ar Musulunci da ta fara aiki a Janairun 2000 ta taɓa harkar sufuri, domin an ware motocin haya na mata, an kuma hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, musamman a Gusau. Babur mai ƙafa uku da ya yaɗu daga baya ya sauƙaƙa wa mata zirga-zirgar cikin gari fiye da yadda doka ta yi.

A waɗannan shekaru an shimfiɗa titunan cikin gari da na ƙauyuka masu yawa, kuma ba ƙaramin sauƙi suka kawo ba ga mai kai mara lafiya asibiti ko buhu kasuwa. Sai dai ma'aunin aikin titi a siyasa shi ne kilomita nawa aka zuba wa kwalta. Dakalin masu tafiya a ƙasa, da alamar tsallakawa a gaban makaranta, da wurin da mota za ta raɓe ta sauke fasinja, ba su cika shiga lissafin kwangila ba. Inda aka yi lambatu aka rufe shi, nan ne mutum zai taka, shi ma kafin a jima mai tireda ya ɗora teburinsa a kai.

Ranar Talata, ranar kasuwar Mafara, ce take nuna abin a fili. Tun da hantsi akori-kura da amalanke suke shigowa da buhuna, ana sauke awaki da tumaki a bakin kwalta, 'yan dako suna tsallakawa da kaya a ka ba sa ganin gefe. Tirela ta tsaya rabinta a kan titi ana yi mata lodi, ta rufe wa mai tsallakawa ganin motar da ke tahowa ta bayanta. Yarinya mai tallar gyaɗa ko rake tana bin tagar mota da gudu don ta karɓi canjinta, direba kuwa ya riga ya saka giya. A cikin wannan cunkoso ne tankar mai da ta taso daga kudu take neman hanyar wucewa Sakkwato. Ƙa'idar tuƙi ta ƙasa ta ce kada a wuce kilomita 50 a awa a cikin gari, amma direban da ya yi awa guda yana sheƙa gudu a daji ba ya jin ya shigo gari sai ya ga mutane a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haɗarin mota yana kashe mutum miliyan 1.19 a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Dokar hular kwano ta Janairun 2009 ba ta yi ƙarko ba a nan, kamar sauran wurare a Arewa. Abin da jama'a suka fi dogara da shi shi ne tudun rage gudu, wanda sau da yawa su suke tara ƙasa ko siminti su yi shi da hannunsu bayan mota ta kaɗe wani. Yana rage gudu, amma da yake ba fenti ba alama, shi kansa yana kayar da mai babur da dare.

Daga 2021 zuwa yau

Ta'addancin 'yan bindiga ya dawo da tsohon tsoron zamanin ayari a kan hanyar kwalta. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai mata 279 a makarantar Jangebe ta Ƙaramar Hukumar Talata Mafara. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a Kaya ta ƙasar Maradun. Gwamnatin jiha ta mayar da martani da matakan da kusan dukansu na sufuri ne: rufe kasuwannin mako, hana safarar dabbobi, hana sayar da fetur a jarka, taƙaita hawan babur da dare, aka kuma katse layukan waya. An sassauta su bayan wasu watanni, amma sun nuna yadda babur ɗaya yake zama abin neman abincin talaka kuma abin hawan mahari.

Mutanen ƙauyukan da aka tasa sun kwararo cikin garuruwan uku. Wasu sun raɓu da dangi, wasu suna kwana a kangaye da gine-ginen gwamnati, masu ɗan hali sun sayi fegi a bakin gari, kuma kowa yana son kusa da titi, inda jami'an tsaro suke wucewa. Direbobi sun rage tafiyar dare, motoci suka taru a sa'o'in rana, lokacin da yara suke zuwa makaranta suna dawowa. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ninka kuɗin mota da na babur, mutane da dama suka koma takawa da ƙafa a gefen titin da ba a tanadar musu wuri ba.

Gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar mayar da hanyar Zariya zuwa Sakkwato tagwaye. Faɗaɗa hanya a cikin gari yana taɓa shaguna da gidajen da suka shiga cikin mita 45.72 ɗin nan, ya ta da maganar diyya, wadda mutanen Bakolori suka san ɗacinta. Yana kuma ninka faɗin da tsoho ko yaro zai tsallaka, ga ƙarin gudun motoci. Ikon gyara abin a rarrabe yake. Titin na gwamnatin tarayya ne, kula da tuƙi yana hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra da 'yan sanda da hukumar ZAROTA ta jiha, izinin gini a cikin gari na gwamnatin jiha ne, kasuwa da tashar mota kuwa tsarin mulkin 1999 ya ba ƙaramar hukuma, ita kuma ƙungiyar direbobi ta NURTW ce take tafiyar da lodi a cikin tashar yau da kullum.